Me ya sa har yau ake dariya da labarin mutum uku cikin kwale-kwale?

Tambaya: Malam, an ba ni shawarar in karanta wani tsohon littafin barkwanci na Turawan Ingila mai suna Three Men in a Boat. Na duba na ga tun 1889 aka buga shi, kuma labarin bai wuce na wasu samari uku da karensu da suka tafi hutu a kwale-kwale ba. A sanina abin dariya ya fi kome saurin tsufa. Me ya riƙe wannan har yau? Kuma wanda bai taɓa ganin Kogin Thames ba zai ji daɗinsa kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, zai ji daɗinsa, muddin ya san inda zai zauna ya daɗe da inda zai wuce da sauri, domin ba duka littafin ne ya tsira daga tsufa ba. Gaskiyarka ce cewa barkwanci yana saurin lalacewa, amma wanda yake lalacewar shi ne wanda aka jingina da siyasar ranar, ko sunan wani sananne, ko wasa da kalmomi. Marubucin wannan littafi, Jerome K. Jerome, ya jingina nasa da abu biyu da ba su canza ba tun zamaninsa: kayan aiki da suke ƙin yin abin da aka yi su dominsa, da mutumin da yake hango laifin kowa ban da nasa.

An haifi Jerome a garin Walsall a 1859, ya taso cikin talauci a Landan. Yana ɗan shekara 14 ya kama aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa, daga baya ya gwada wasan kwaikwayo da aikin jarida da akawun lauya. Ya yi aure a 1888, shi da amaryarsa suka yi 'yan kwanaki a ƙaramin jirgi a kan Thames, dawowarsa ya kama rubutu. Niyyarsa ta farko ba barkwanci ba ce. Littafin jagora ya so ya yi, wanda zai gaya wa matafiyi tarihin garuruwan bakin kogin, ya ɗan yayyafa abin dariya don kada mai karatu ya gaji. Editan mujallar Home Chimes, inda aka fara fitar da shi kashi-kashi, ya dinga yanke tarihin yana barin abin dariyar. Da haka miya ta rinjayi tuwo. Kamfanin Arrowsmith na Bristol ya fitar da shi littafi guda mai babi 19 a 1889. Mai ba da labarin, wanda ake kira J., Jerome ne kansa. George da Harris abokansa ne na gaske, George Wingrave ma'aikacin banki da Carl Hentschel mai harkar ɗab'i. Karen ne kawai ƙagagge, wato Montmorency.

Ka fara fahimtar jirgin, don shi ne injin da ke juya kome. Tafiyar daga Kingston ce zuwa Oxford, kusan mil 90, kuma gāba suke yi da ruwa, ba binsa ba. Kwale-kwalen siriri ne na katako, mutum biyu suna tuƙi da filafili bibbiyu, na uku yana zaune a baya riƙe da igiyoyin juya akala. Masu tuƙin bayansu suke ba inda aka nufa, saboda haka ba sa ganin gabansu, sai abin da mai akala ya gani. In hankalinsa ya tafi wajen kallon faɗuwar rana, jirgi ya faɗa wa masu kamun kifi, kuma haka ya faru a littafin. In hannu ya gaji sai mutum ya sauka ya ja jirgin da doguwar igiya ta hanyar da ke gefen kogi. In dare ya yi sai a kafa ƙarafa biyar masu siffar baka a kan jirgin, a shimfiɗa tamfol a kansu, a kwana ciki. A yau akwai madatsai masu ƙofofi 31 tsakanin Kingston da Oxford. Kowace wani ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga a rufe ƙofar baya, a saki ruwan ɓangaren gaba ya cika ɗakin har jirgin ya tashi daidai da kogin gaba, sannan a buɗe masa. A nan jirage suke cunkushewa, 'yan kallo suna tsaye a sama.

To dubi abin da wannan tsari ya haifar. Kowane aiki a cikin jirgin nan sai mutum biyu sun haɗa hannu, a wuri matsattse mai rawa, ba wanda yake ganin abin da ɗan'uwansa yake yi, ga jama'a na kallo, ga kuma ba inda mai fushi zai fita ya sha iska. Igiyar ja ita ce misali mafi sauƙi. Wanda ya naɗe ta ya rantse ya naɗe ta tsaf, wanda zai warware ya tarar ta cukurkuɗe, kowa ya tabbata ɗayan ne wawa. Tamfol ma haka, George da Harris suka shiga shimfiɗa shi ya naɗe su kamar likkafani. Ba sai ka san Thames ba. Duk wanda ya taɓa tafiya mai nisa da abokai a mota ɗaya, taya ta fashe, aka nemi jak aka rasa, ya san wannan yanayin ciki da bai.

Amma babbar dabarar tana bakin mai ba da labarin. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma J. a kan wannan tudun yake tsaye tun daga shafin farko har na ƙarshe. Yana kawo ƙarar George cewa malalaci ne, wai barci yake zuwa yi a banki daga ƙarfe goma zuwa huɗu kullum, sai Asabar da ake tashinsa a fitar da shi ƙarfe biyu. Shi kuwa J. cewa ya yi yana matuƙar son aiki, har yakan zauna ya yi awoyi yana kallonsa. Da aka zo haɗa kaya ya ce a bar masa, nufinsa shi ya zauna yana ba da umarni, sai abokan suka ɗauki maganarsa a kan fuskarta, suka miƙe ƙafa suna kallonsa, ransa ya ɓaci. Bai taɓa gane cewa da bakinsa yake tona kansa ba. Mai karatu ne yake ganewa, kuma daɗin yana cikin wannan 'yar ratar da ke tsakanin abin da J. yake faɗi da abin da kai kake gani. Shi ya sa babin farko yake kama mutanen yanzu sosai. J. ya shiga ɗakin karatu na British Museum don ya duba wata 'yar cuta a littafin likitanci, ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya gano yana ɗauke da kowace cuta a duniya ban da kumburin gwiwar da ke kama 'yan aikin gida masu goge daɓe, har ya ji haushin an hana shi wannan. Sauya littafin da waya da intanet, ka ga maƙwabcinka.

Bari in warware maka labari ɗaya daki-daki, don ka ga yadda ake gina shi. A babi na 12 sun gama cin abinci ransu a ɓace saboda an manta da wani ɗan kayan ɗanɗano, sai George ya zaro gwangwanin abarba. Fuska ta saki. Suka tsaya suna kallon hoton da ke jikin gwangwanin, Harris har ya shirya cokali. Wannan shi ne mataki na farko: a sa mai karatu ya ƙwallafa rai tare da su. Sai aka nemi mabuɗin gwangwani, aka zazzage kome, babu. Daga nan kowa ya yi gwaji ɗaya, kuma kowane gwaji ya fi na baya muni. Harris ya sa wuƙar aljihu, ta karye ta yanke shi. George ya sa almakashi, ya yi tsalle ya kusa tsone masa ido. J. ya sa tsinin gorar jirgi, ya zame ya faɗa cikin taɓo, gwangwanin ya mirgina lafiya ƙalau ya fasa kofin shayi. Lura da kofin nan, ƙaramar asara ce da aka ɗora a kan babba, ita ce take sa dariya ta ƙwace. Sannan aka haɗa ƙarfi: George ya riƙe gwangwani, Harris ya ɗora masa tsinin dutse, J. ya ɗaga dogon itacen jirgin sama ya tattaro ƙarfinsa ya sauke. A daidai nan Jerome ya yi abin da ƙaramin marubuci ba zai yi ba, ya tsallake dukan gaba ɗaya. Jimlar da ta biyo baya cewa kawai ta yi malafar George ce ta ceci ransa ran nan, kuma har yanzu yana ajiye da abin da ya rage daga cikinta. Kai ne za ka cike gurbin da idon zuciyarka, kuma abin da ka hango ya fi duk abin da zai iya rubutawa. Ƙarshe suka bubbuge gwangwanin har ya lotsa ya yi kama da mai yi musu murmushin mugunta, Harris ya wurga shi tsakiyar kogi. Ba su ɗanɗana abarbar ba.

Wannan gini, wato buri ƙarami, cikas ƙarami, hawa mataki-mataki, da tsallake wurin da aka fi jira, shi ne ya maimaita a wurare da dama, yana sauya kaya kawai. Kawu Podger, kawun J., a babi na 3 zai rataya hoto guda, ya ce kowa ya huta shi zai yi. Kafin a jima ya aiki yarinya sayen ƙusa, ya aiki yaro ya bi ta ya gaya mata girman ƙusar, wani na riƙe tsani, wani kyandir, wani guduma. Ya yanke hannu, ya tayar da gida neman kwat ɗinsa alhali a kanta yake zaune, ya ɓatar da ƙusa, aka samo ta guduma ta ɓace. Sai wajen tsakar dare hoton ya hau bango a karkace, shi kuwa yana mamakin mutanen da ke kiran ma'aikaci don ɗan wannan aiki. Babu zuriyar da ba ta da Kawu Podger. A babi na 6 Harris ya shiga lambun nan na Hampton Court mai shingayen shuke-shuke da hanyoyi masu ruɗarwa, da taswira a hannu da tabbacin minti goma ya isa, ya tattaro mutane wajen ashirin da suka ɓata ya ce su biyo shi, ya ƙara ɓatar da su. A babi na 17 wani ƙaton kifi ne a cikin akwatin gilashi a bangon wani masauƙi, mutum biyar har da mai gidan kowa ya zo ya ba da labarin ranar da ya kama shi, nauyin yana ƙaruwa daga baki zuwa baki. George ya hau kujera don ya duba da kyau, ya zame ya jawo akwatin, kifi ya tarwatse. Ashe da farin garin nan da ake ɗorin karaya da shi a asibiti aka ƙera shi.

Wani abin da ke ba sabon mai karatu mamaki shi ne yawancin waɗannan labarai ba a cikin tafiyar suka faru ba. Tunowa ake yi da su. Wani abu ya gilma, J. ya ce wannan ya tuna masa da kaza, sai a bar kogin a yi shafi biyar a wani wuri. Ba a ma shiga jirgin ba sai ƙarshen babi na 5, George kuwa sai a Weybridge ya same su. Kogin zare ne kawai da aka shirya duwatsun a jikinsa. Wannan ya taimaki littafin ƙwarai wajen daɗewa, domin kowane labari yana tsayawa da ƙafarsa, ana iya cire shi a sa a littafin makaranta ko a karanta a rediyo. Wanda ya zo neman labari mai ƙulli da warwara, wa zai auri wa, wa ya kashe wa, zai koma hannu wofi. Hira ce ta zaure, a haka ya kamata a ɗauke ta.

Akwai kuma rashin mugunta. Ba a wulaƙanta kowa wulaƙanci na dindindin, ba wanda ya yi asarar da ta wuce kofi da malafa da girman kai. Zagin da ke tsakanin mutum ukun irin na abokan wasa ne, ana yi ana cin abinci a kwano ɗaya. Barkwancin da ke cizo yana bukatar ka tsani wanda ake cizo, in zamani ya shuɗe aka manta da shi sai dariyar ta mutu. Nan kuwa wanda ake yi wa dariya kai ne.

Sai wuraren da suka tsufa, don kada in sayar maka da kaya ban nuna maka tabonsa ba. Ragowar littafin jagoran nan tana nan. In J. ya fara yabon dare da taurari, ko ya shiga kwatanta ranar da Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta a Runnymede a 1215, harshen yakan yi nauyi, zaƙin ya yi yawa. Wani lokaci da gangan ne, don Harris ya katse shi da maganar abin sha, wani lokaci kuwa da gaske yake, kuma a nan ne masu karatu suke ajiye littafin. Ka wuce da sauri, ba ka yi asara ba. Wuri ɗaya ne ban yarda a tsallake ba, a babi na 16, kusa da Goring, inda suka ga gawar wata mata a ruwa. An yaudare ta ta haihu, danginta suka rufe mata ƙofa, tana aikin awa 12 a rana a kan sule 12 a mako, shida na tafiya wajen renon ɗan. Masu sharhi sun daɗe suna saɓani ko wannan shafi ya dace da littafin barkwanci. A ganina ya dace, don Jerome ya san talaucin Landan da jikinsa, kuma shafin yana nuna cewa kogin da akawu yake zuwa hutu shi ne wanda wasu suke zuwa in duniya ta ƙure musu.

Maganar akawu ta kawo mu ga dalilin da ya sa littafin ya karɓu tun farko. Dokar ilimi ta 1870 ta yawaita masu iya karatu a Ingila, dokar ranakun hutu ta 1871 ta ba ma'aikata 'yan kwanakin shaƙatawa, jirgin ƙasa kuma ya sa kogin ya zama tafiyar ɗan lokaci daga Landan. Sai ga sabon rukunin mutane, akawuna da masu jiran kanti, suna cika Thames a ranakun hutu. Jerome ya rubuta da irin maganarsu, game da irin hutunsu, aka sayar a kan sule uku da sisi a lokacin da sabon littafin labari mai juzu'i uku yake sule 31 da sisi. Manyan masu sharhi suka ƙyamace shi, suka ce harshen 'yan tasha ne. Mujallar Punch ta laƙaba masa 'Arry K. 'Arry, tana kwaikwayon yadda talakawan Landan suke haɗiye harafin farko na suna irin su Harry. Jama'a ba su saurare su ba. Mai kamfanin ɗab'in har ya taɓa cewa bai san inda kwafin suke tafiya ba, yana zaton cinye su ake yi. A Amurka an yi ta buga shi ba izini, don sai a 1891 dokar can ta fara kare haƙƙin marubutan waje. Tun daga lokacin ba a daina buga shi ba. BBC ta yi fim ɗinsa a 1975 da rubutun Tom Stoppard, Tarayyar Sobiyat ta yi nata mai waƙe-waƙe a 1979, wanda ya isa shaida cewa ba sai Bature ɗan Ingila ne yake gane shi ba.

Ga mai karatu Bahaushe akwai sauƙi guda da ko matasan Ingila na yau ba su da shi: kuɗin littafin namu ne na da. Fam da sule da sisi da taro da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, su aka yi ta kashewa a Nijeriya har zuwan naira a 1973. In Kawu Podger ya aika a sayo ƙusar sisi, duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san abin da ake nufi. Haka dalilin da ya sa suka ƙi tafiya da risho mai kananzir, wai a wata tafiyar ya tsiyaye ya shiga burodi da iska da faɗuwar rana, ba ya bukatar sharhi a wurinmu.

Inda ake tuntuɓe shi ne muryar. J. yana faɗin abin dariya da fuskar shanu, da manyan kalmomi irin na wa'azi ko na kotu, a kan abu kamar man shanun da Harris ya zauna a kai ana ta nemansa a ɗaki. Wanda Turancinsa bai nuna ba yakan ɗauki maganar da gaske, ya wuce bai yi ko murmushi ba. Dabarar ita ce duk inda ka ga harshe ya kumbura fiye da girman abin da ake magana a kai, to tsokana ce. Duk inda J. ya yabi kansa, juya maganar. Saboda wannan dalili ne nake hana mutane sauƙaƙƙun bugu da ake yi wa 'yan makaranta. Suna riƙe abin da ya faru su zubar da muryar, sai labarin abarba ya koma mutum uku sun kasa buɗe gwangwani, wanda ba abin dariya ba ne. Mai son fassara shi zuwa Hausa ma nan zai sha wuya, sai ya nemo muryar dattijon nan mai ba da labarin wautarsa yana gyara zaman rawani, ba ya dariya ko kaɗan. Ka kuma sani akwai giya da naman alade da kare a cikin jirgi, rayuwar Turawan lokacin ce, ba a kanta dariyar ta dogara ba.

Jerome ya rasu a 1927, littafin ya fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsa kyauta a intanet a shafin Project Gutenberg, na sauraro kuma a shafin LibriVox. Shawarata ka haɗa biyun, kana ji kana bin rubutun, don an gina jimlolin ne da numfashin mai magana, kunne yana kama inda ido ya wuce. In kana son gwaji kafin ka ɗauki duka, karanta babi na 1 da na 3 da na 4. In Kawu Podger da cukun da aka ɗauko daga Liverpool, wanda warinsa ya kori fasinjoji daga tarago ɗaya bayan ɗaya, ba su motsa ka ba, sauran ma ba za su motsa ka ba. In sun motsa ka, bi a hankali, babi ɗaya ko biyu a zama, don in aka haɗiye shi a dare guda dabarar tana fitowa fili ta gundure ka. Akwai na biyunsa, Three Men on the Bummel, na 1900, inda mutum ukun suka zaga Jamus a kan keke. Yana da wurare masu kyau, amma ba kogi ba kare, kuma bai kai na farko ba.

Kada ka sa rai za su kammala tafiyar. Sun kai Oxford sun juyo, ruwan sama ya tsare su kwana biyu a ƙarƙashin tamfol, suna ta rantsuwa za su jure har ƙarshe. A Pangbourne suka bar jirgin wurin mai gadi, suka sulale zuwa tashar jirgin ƙasa, da yamma suna Landan suna kallon wasa a gidan wasan Alhambra, daga nan suka wuce gidan abinci.